Rasuwar Tukunyar Shinkafar Shiori

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki, Kuramoto Shiori, ɗalibar digirin digirgir a fannin tarihi, take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyar shinkafarta mai aiki da lantarki, wadda ta cika ranar Laraba a ɗakinta na haya a Sendai.

Marigayiyar ta zo duniya ne zamanin da matan Japan suka fara sallamar murhu. Ta yi ƙuruciyarta a gidan Kaka Tomie, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa, wadda Shiori ta je yi wa tambayoyi kan rayuwar mata bayan yaƙin duniya na biyu. Da za su rabu, tsohuwar ta danƙa mata ita kyauta.

An shaide ta da haƙuri da ƙarancin magana. Iyakarta "fuuu" in aiki ya kankama, sai "ƙyas" in ta kammala. Ita ta ciyar da Shiori duk shekarun da ta yi tana tonon tsofaffin jaridu, kuma a kanta babi na huɗu na kundin digirinta ya dogara, inda Shiori ta kafe cewa kayan wancan zamani ba sa mutuwa.

Tun bazara ta fara tari, murfinta na karkarwa, Shiori ta rufa mata asiri. Ranar da abin zai faru, Farfesa Hagiwara, mai duba kundin, ya zo ganin hujja da idonsa. Marigayiyar ta ce "fuuu", ta ce "ɗas", wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke. Farfesa ya leƙa ɗanyar shinkafa, ya goge tabarau. "Kuramoto, babin nan yana son gyara. Akwai mai taliya a kusa?"

Da aka buga wa Kaka Tomie waya, dariya ta yi. "'Yar nan, tun mijina na da rai take wannan suman. Kin ɗan mare ta a gefe?"

An mare ta. Ba ta farfaɗo ba.

Ta rasu ta bar kofin awo, cokalin kwasa, rabin buhun shinkafa, da babi na huɗu, wanda yake kwance rai kwakwai mutu kwakwai.

Za a yi jana'izarta ranar kwasar sharar da ba a ƙonawa, a bakin layi, cikin ledar da hukumar gari ta amince da ita. Zaman makoki a ɗakin Shiori ne. Masu zuwa ta'aziyya su taho da shinkafarsu dafaffiya.