Ƙusar Garma Ta Kashe Talatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau ya ƙi sauka, Malam Barau direba na Kangire yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa a-kori-kura, wadda aka fi sani da Talatu domin ranar Talata ya shigo da ita gari. Ta cika da hantsin Alhamis, bayan girbin 1977, a gangaren rafi kan hanyar Gwaram, tana ɗauke da dawa. Shekarunta shida kacal.

Marigayiyar ba ta taɓa ƙin tashi ranar kasuwa ba. Tari biyu take yi da safe, kir-kir, sai ta kama. Ta ɗauki gyaɗa da awaki da gadajen amare, ta kai masu naƙuda asibitin Birnin Kudu ba ta taɓa tambayar 'yar wa ce ba. Da ita Barau yake ci da gidansa.

Ciwon ajalinta bai taka kara ya karya ba. Ƙusar da ke riƙe sifirin na baya, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin kaya, ita ce ta tsinke. Barau, wanda bai taɓa barin hannun wani ya taɓa ta ba, ya ɗaga ta a jak da niyyar gobe ya tafi Kano ya samo irin tata. Sai ga Sabo, yayan matarsa A'i, mutumin da ko keke bai iya ɗaure wa sarƙa ba, ya zaro ƙusar garmar shanu daga aljihu.

"Ƙarfe ai ƙarfe ne, Malam," in ji shi. "Kano don ƙusa ɗaya?"

Barau ya gani da idonsa. Tsohuwar ƙusa akwai lamba a kanta, shaidar ƙarfe mai tauri, ta Sabo kuwa kanta sumul. Haƙoransu ma ba ɗaya ba, ta garma awon inci ce, ta mota milimita. Notin motar ya yi juyi biyu ya cije. Nan ne mai hankali yake tsayawa. Sabo ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, Barau kuma, saboda kunyar suruki, shi ya riƙe masa kan ƙusar. Wannan riƙon ne yake cin ransa fiye da komai.

Kwana uku ta yi tana kuka, ƙwas-ƙwas, a kowane rami. Rana ta huɗu aka ji ƙas! Ƙafar baya ta goce, ta kwanta ta gefe, ƙashin bayanta ya lanƙwashe yadda babu maƙerin da zai miƙe shi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Sabo yana yawo yana cewa ƙaddara ce. Barau bai musa ƙaddara ba, amma ya san a aljihun wa ta zo.

Ta rasu ta bar taya huɗu masu sauran rai, da jak, da jarkar mai, da A'i wadda ta rasa bayan wa za ta bi, da garmar Sabo da yanzu ita ma ba ta aiki. Mai makoki yana gargaɗin duk mai gyara motarsa da kansa: ka tafi da tsohuwar ƙusa wurin mai sayarwa, ka gwada tsawo da kauri da haƙora da lamba. Ƙusar da noti bai shige ta da yatsa ba, ba tata ba ce, ko wa ya kawo ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, bijimai biyu na maƙwabcinsa Bappa Maikano za su jawo gawar zuwa gindin tsamiyar ƙofar gida, inda za a ɗora ta kan duwatsu. Ana karɓar gaisuwa kwana uku, ba a karɓar shawara. Sabo kuwa kada ya zo, ya yi tasa addu'ar daga gida. Mutanen Wurno da Unguwar Ya kuma kowa ya nemi jakinsa, domin wadda ta saba ɗauko ku zuwa jana'iza ita ce a kwance.