Rasuwar Jirgin Baban Yara a Hannun Mai Fentin Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu tafasa take, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta cewa mijin 'yata Auta, mai fentin mota, ya kashe min jirgi. Shi ya kashe shi, da hannunsa da injinsa. Kada wani ya zo min da zancen kwana ya ƙare. Na san kwana, na kuma san ganganci.

Mamacin ƙaramin jirgin ruwa ne na katako, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Marigayi baban yara ne ya sassaƙa shi da wuƙa lokacin ina goyon fari. Ya rayu a kan kantar ɗakina cikin mutunci, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. In aka ɗora shi a baho sai ya zauna daram, ba ya karkata, yara na tura shi yana cafal-cafal. In ka ƙwanƙwasa cikinsa ya amsa maka ƙwas-ƙwas.

Babban halinsa haƙuri ne. Duk ɗan da na haifa, in haƙori ya fara masa ƙaiƙayi, hancin jirgin nan yake ciza. Na san cizon kowa, har na Auta mai wushirya. Mafi zurfi, ta gefen hagu, na ɗan farina ne, wanda Allah ya karɓa tun bai iya gudu ba. Ba mu da hotonsa. Ramin nan nake da shi, kullum in na share kanta sai na sa babban yatsana a ciki.

Jinyarsa ta fara ne ranar da kyanwa ta ture shi, cikinsa ya tsage ta ƙasa. Maƙwabcina kafinta, Allah ya yi masa albarka, ya sa gam, ya ɗaure, ya warke sarai. Tabo kawai ya rage, kafinta ya ce a shafa fenti kaɗan da burushi. Sai ga mijin Auta ya zo gaisuwa. Wai burushi aikin masu fentin bango ne, wai shi zai fesa min irin na zamani. Na ce masa tabon kawai, a gaban matarsa na faɗa, kuma ba kurma ba ne.

Ya tafi da shi gareji ya yi masa abin da yake wa ƙofar mota. Ya sa injin samfefa, mai goge ƙarfe, ya cinye sawun wuƙar baban yara kaf. Duk inda ya ga rami sai ya ɗauka lotsewa ce, ya cika da fila, wannan ƙullun mai nauyi da suke toshe ramin ƙarfe da shi. Ya goge, ya ƙara, ya sake gogewa. Sannan ya fesa masa ragowar jan fentin motar wani, shafi kan shafi, har ya yi kauri kamar fatar ganga.

Ya kawo shi naɗe a tawul yana washe baki, wai in duba fuskata a jiki. Na duba, na ga tsohuwar da aka cuta. Na sa yatsa a hancin jirgin, ya zame kamar kan mai sanƙo. Na ƙwanƙwasa, ya ce dim.

Jikoki suka matsa a sa shi a baho. Aka sa. Ya karkata hagu, inda fila ta fi yawa, ya sha ruwa, ya nutse a gaban idonmu. Maganarsa ta ƙarshe ita ce bul-bul-bul.

Da aka tambayi mai fenti, cewa ya yi ai irin wannan na ado ne, ba na ruwa ba, wai zai sayo min na roba mai batir. To, ya je can ya sayo wa motocinsa. Na roban, wa ya cije shi?

Mamacin ya bar ni, ya bar 'ya'yan da suka cije shi da jikokin da ba su samu rabonsu ba. Ya bar baho, da wuƙar da ta haife shi, da gurbinsa a kanta wanda ƙura ta fara rufewa. Ya kuma bar Auta, wadda ke rubuta wannan tana haɗiyar yawu, don na ce kada ta tausasa wa mijinta ko kalma ɗaya.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Asabar da safe za a ɗauki gawar daga ɗakina zuwa ƙofar garejinsa, a ajiye ta a kan duk motar da yake fesawa. Masu ta'aziyya su same ni can, ina kan kujerata, ba na kuma tashi. Kunyar suruki ta nutse tare da jirgi.

Ba za a rufe gawa ba tukuna. Kafinta ya ce mai yiwuwa rami mai zurfin nan yana nan a ƙarƙashin fila, in injin bai cinye shi ba. Saboda haka mijin Auta zai kashe injinsa, ya zauna a ƙasa, ya riƙe allura, ya tono da hannu a gaban jama'a. In haƙorin yaron nan ya fito, na yafe jan fenti, na yafe nutsewa. In bai fito ba, ya ɗago kai ya dube ni ya gaya min inda ya kai shi.