Hannu Sama a Tashar Gwange

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yaye riga a gaban surukina ba, tun ma kafin ya yarda ya zama surukin nawa.

Shekara biyar na yi ina koyarwa a Konduga, ina kwana a unguwar Lamisula, cikin gari. Duk wanda ya bi hanyar nan lokacin da gari ba lafiya ya san ƙa'ida: mota na isa shingen sojoji kowa zai sauka, ya ɗaga hannu sama, maza su yaye riga a ga ba su ɗaura komai a ciki ba, a taka da ƙafa har a wuce. Safe da yamma haka muke yi, har abin ya zama jiki. Da aka dawo da ni wata makaranta a cikin gari, na ɗauka na baro shi can.

A lokacin ina neman auren Falmata. Mahaifinta, Alhaji Bukar, dillalin shanu ne, ga kwarjini ga ƙarancin magana. Ya ce a ba shi wata guda ya yi bincike a kaina, Falmata kuma ta tsegunta mini cewa ba abin da ya tsana irin namiji mai rawar kai. Daga ranar na koma tafiya kamar mai tausayin ƙasa (ko dariya zan yi sai na duba hagu da dama).

Ran wata Asabar na caɓa ado zan je ɗaurin aure, na shiga ɗaya daga cikin sababbin manyan motocin nan masu gudu a babban titi, waɗanda ba sa tsayawa sai a tasharsu. Ina shiga sai ga Alhaji a kujerar gaba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Wushe, wushe," ya ce, wato sannu da yarensu. "Malam ne? Madalla."

Don kunya na wuce can ƙurya na zauna. Ga sanyi, ga titi sumul ba gargada, ni kuma na saba da motar da ke kaɗa hanji. Barci ɓarawo ne, ya sace ni.

Ban farka ba sai da na ji burki, ƙofa ta buɗe, kwandasta yana cewa, "A sauka! A sauka!"

Wallahi ƙafata ta riga hankalina tashi. Na ratsa mutane, na dira ƙasa, na tattare babbar riga da 'yar ciki har wuya, na ɗaga hannu sama, na kama tafiya a natse ina jiran a ce in wuce. Singiletin da ke jikina kuwa (Allah ya isa tsakanina da ita) huda uku gare ta, babbar a daidai cibiya.

Na yi taku goma kafin wata mai sayar da bandar kifi ta ce, "Malam, lafiya? Wa kake wa saranda?"

Na buɗe ido da kyau. Ba soja, ba shinge. Tashar Gwange ce, rana tsaka, 'yan keke sun tsaya suna kallona, wani har da riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce shi ke nan, Falmata ta tafi.

Na juya a hankali don in ga ko Alhaji ya gani ta taga. Ba ya cikin motar. Yana bayana, shi da wasu dattawa biyu, sun jeru, kowa hannu a sama. Ashe da suka ga na dira haka, ba wanda ya tsaya tambaya.

Ya sauke hannunsa, ya gyara hula, ya dube ni. Dariyar mutane ta ɗauke.

"Wace hanya ka bi, ɗana?"

"Konduga, Baba. Shekara biyar."

"Ni hanyar Baga na bi," ya ce. "Sauke rigarka, mu koma, direba na jira."

Bai bar ni na koma ƙurya ba, kusa da shi ya zaunar da ni. Ni kuwa idona ya cika da hawaye, ban san ko na kunya ne ko na tausayinmu ba.

Bayan kwana uku ya aika a turo magabatana. Falmata ta ce saƙo ɗaya ya bayar a ba ni: a gaya wa Malam ya sake singileti.

Tun daga ranar ba na barci a mota. Kuma duk adon da zan yi, daga ciki nake farawa.