Na'a-na'ar Hajiya a Hannun Farfesan Tukwane

Duk Zaitawa, kai har Gwammaja, babu wanda ya san sirrin tsiro kamar Alhaji Yasir. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma wa ya isa ya musa? Kwana tara ya yi a Istanbul wajen saro abaya, ya ga tukwanen fulawa a harabar otal, ya dawo da ilimin da wasu ke shekara bakwai a jami'a suna nema. 'Yan majalisarsu suka naɗa shi Farfesan Tukwane. Bai ji zolayar ba, har ya sa sunan a katinsa.

Da mahaifiyarsa Hajiya Salma za ta tafi Umara, sai ta bar masa amanar na'a-na'arta. Ba irin ta kasuwa ba ce. Kakanninta ne suka zo da irin daga Tarabulus, ana yanka ana dasawa daga uwa zuwa 'ya, kuma duk dangin tukunya ɗaya ta rage. Hajiya ba ta shan shayi sai da ita. Ta ce ya bar ta inda take a tsakar gida, ya ba ta ruwa in ƙasar ta bushe.

Farfesa ya ga wannan ai wulaƙanci ne. Jinin Tarabulus a rana, gefen wajen wanke-wanke! Ya sa aka shigo da ita falo, ƙarƙashin esi, tsakiyar tukwanensa goma sha biyu. Ya koma yin alwala a kanta don ta samu albarka, sau biyar a yini ban da ta nafila. Ragowar shayi kuwa, da ganyen da sukarin, duk nata ne, wai haka Turkawa ke yin taki.

Ba a yi sati biyu ba sai ga baƙi. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne baƙaƙe, ba su kai sauro ba, ba sa cizo, sai dai su taso daga ƙasar tukunya su faɗa ido da hanci da kofin baƙo.

"Hassada ce," in ji Farfesa a majalisa, yana kore ɗaya daga gemunsa. "Kun taɓa ganin irinsu a gidan talaka? Daraja suka hango."

Aka shiga yaƙi. Ya sayo turaren wuta a Kurmi ya turnuƙe falon, ƙwarin suka ci gaba da shawagi, yanzu da ƙamshi. Ya ƙona barkono, mutanen gida suka watse lungu suna tari, ƙwarin ko gezau. Ya yayyafa fiya-fiya, iyayen suka mutu, washegari 'ya'yan suka taso karɓar gaisuwa. Ya ɗauko raket ɗin kashe sauro yana tsalle cikin babbar riga, ya samu nasarar kashe uku da agogon bango.

Daga ƙarshe aka kira Nata'ala mai sayar da fulawa. Ya tsoma yatsa a tukunyar ya fito da caɓi, ya nuna masa 'yan tsutsotsi farare suna cin saiwar. Ya ce a jiƙaƙƙiyar ƙasa suke ƙwai. A mayar da na'a-na'ar rana, a rufe saman da yashi, a daina ba ta ruwa sai ta bushe. Maganin ke nan, kuma har yanzu za ta iya tashi.

Farfesa ya gyara zama. "Malam Nata'ala, a gidan nan ko mai tambayar hanya ba ya wucewa bai sha ruwa ba. Ka ce in hana baƙuwa mai asali? A ce me a gari?"

Da Nata'ala ya fita, sai ya ƙara mata buta guda ta ban haƙuri.

Saura kwana uku Hajiya ta dawo na'a-na'a ta yi baƙi ta kwanta. Babban malami ba ya rasa dabara. Ranar dawowar ya sayo wata na'a-na'ar ɗanya shar a kasuwa ya soka a tukunyar, ya ja da baya yana yaba hannunsa.

Hajiya ko dabino ba ta fara rabawa ba ta ce a dafa shayi. Ta miƙa hannu za ta tsinki ganye biyu, sai ƙullin ya biyo ta gaba ɗaya, da robar da mai kayan miya ya ɗaure shi. Ƙwarin suka taso mata a fuska. Ta daɗe tana kallon ramin da ya rage a tukunyar, idonta ya cika. Wallahi ta ba kowa tausayi. Farfesa ya fara bayani a kan sauyin yanayi.

"Yasir," ta ce a hankali, "miƙo min butar nan."

Butar alwalarsa ce, ta ƙwace ta. Tun ranar a famfon masallaci yake alwala. Tukwanen suka bushe, ƙwarin suka ɓace ɓat, Farfesa ya sanar da majalisa cewa dabarunsa ne suka fara aiki.

Hajiya dai shayinta zalla take sha yanzu. Duk wanda ya kawo mata na'a-na'ar kasuwa sai ta ce a kai wa Farfesa, shi ya san yadda ake dasa ta da robarta.