Ranar da na yi wa Inna jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na tsare mahaifiyata da tambaya a gaban likita a Tanut.

Lokacin na haura talatin, ƴaƴana huɗu, ban daɗe da shiga karatun manya ba. Malaminmu, da muke kira Mushe, ya taɓa zana mana kan mutum a allo, ya ce duk motsin hannu da ƙafa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, kuma can ake ajiye sunaye da fuskoki. Na riƙe maganar nan gam. (Ni dama in na san abu guda, sai duk unguwa ta ji.)

Bayan girbi Inna ta faɗi a bakin turmi, a gida Olelewa. Hannun dama da ƙafar dama suka shanye, baki ya karkace. Mata suka ce iska ce ta buge ta. Na ce ba wata iska, ƙwaƙwalwa ce. Muka ɗauke ta sai Tanut, ni da ƙanena Habu da Iya Tabawa, ƙanwar Inna.

Likita ya duba ta, ya ce in tana gane mutane, mu koma gida mu riƙa motsa mata jiki. In ba ta ganewa, sai Damagaram a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Duk mun san hanyar, mun kuma san jikinta ba lallai ya kai ba.

Kafin ya sake buɗe baki na shiga gaba. "Bari, likita, na san yadda ake yi."

Na nuna Habu. "Inna, wane ne wannan?"

Da ƙyar ta ja harshe. "Habu."

Na nuna Iya. "Tabawa," in ji ta.

Sai na dafa ƙirjina. "Ni fa? Mene ne sunana?"

Ta juya fuska wajen bango. Na sake tambaya, na ƙara, har ina jijjiga gadon. Na fashe da kuka.

"Rubuta, likita! Wurin da aka ajiye ni ya mutu. A kai ta Damagaram!"

Har ya ɗauki alƙalami, Iya Tabawa ta fizgo gefen zanena.

"Ke, don ubanki, ta nawa ce ke a ɗakinku?"

"Ta fari."

"To tun da aka yanke miki cibi, kin taɓa jin ta kama sunanki? Yau a gaban baƙon namiji kike so ta fara?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko yarinyar da ke tallar fura ta san haka. Ni kaina ban taɓa kama sunan babban ɗana ba.

Inna ba ta juyo ba. Da karkataccen bakin nan ta ce, kalma bayan kalma, "Waccan... ku fitar... da ita... waje."

Likita ya ajiye alƙalami yana danne dariya. Ya ce mu tafi gida.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Kullum da safe nakan sa kafaɗata a ƙarƙashin mataccen hannun, mu zagaya tsakar gida, tana ce min "ke", ina amsawa.

Mushe bai yi ƙarya ba, ƙwaƙwalwar ce ta taɓu. Amma hannu da ƙafa ciwon ya ɗauke wa Inna, ya bar mata kunyarta cif. Mai mantuwa guda ce a ɗakin nan ranar, ita ce kuma mai tsaye a kan ƙafa biyu tana ba likita umarni.