Hom Tiyatar Jeren Habi

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ƙanwata Habi ba, kuma ko na so in manta dangi ba za su bar ni ba.

Lokacin ina aikin jinya a Dutse, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ni ce babba a ɗakinmu, ni ce kuma na fara ɗaukar albashin gwamnati a gidanmu na Miga, saboda haka duk sayayyar da ta fi ƙarfin kasuwar ƙauye ni ake jira. Kuma gaskiya na iya ciniki. (Wannan maganar har gobe ban janye ta ba.) Ni na sayo gadon Habi, ni na zaɓo kafet da labule da kwanuka, babu wanda ya ga abin kushewa.

Wani malamin makaranta ɗan Taura za ta aura, yana zaune a nan Dutse. Da aka sa rana sai manya suka ce ba kalangu ba rawa, walima kawai za a yi, kamar yadda kowa ya koma yi a shekarar. Habi ta yi ta kumbure-kumbure. Na ce ta kwantar da hankalinta, zan saka mata abin da babu amaryar da ta taɓa shiga ɗaki da shi a danginmu. Na gan shi a gidan wata matar likita: akwati ɗaya babba, ita ce uwar, ana jona bidiyo da talabijin a jikinta, sai lasifikoki a kusurwoyin ɗaki. In aka kunna sai ka ji kamar a tsakiyar fim ɗin kake zaune. Hom tiyata ake ce masa.

Da na faɗa a gida, Inna ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. "Tiyata kuma? Wa za a yanka? Yarinyar nan lafiyarta ƙalau."

Na yi mata bayani, ta ce ita dai ba ta son sunan. Baffa kuwa, mahaifinmu, ranar kasuwa ya kora wani bijimi da yake ji da shi, da yamma ya miƙo min kuɗin a ƙulle. "Ki sayo mai kyau," ya ce. "Kada a raina mana yarinya a gidan mutane."

Daren da zan tafi Kano maigidana ya kwatanta min shagon wakilin kamfanin, ya ce in je can kada in je ko'ina. Na ce to. (Irin "to" ɗin da mace ke yi in ta riga ta san ta fi mai maganar sanin kasuwa.)

Na sami shagon, ƙofar gilashi, fanka na kaɗawa, komai a jere tsaf. Mai shagon wani dattijo ne mai sanyin magana. Ya nuna min irin wanda nake so, ya faɗi kuɗi. Na yi dariya irin ta buɗe ciniki, na taya rabi.

"Hajiya, mu nan kuɗi ɗaya ne," ya ce. "Kamfanin ne ya ɗora mu. Za mu buɗe a gabanki mu gwada, mu ba ki takardar garanti. In ya ba ki matsala ki dawo da shi, mu gyara ko mu canza miki."

"Alhaji, takarda zan kai ɗakin amarya ko sauti?"

Ya yi murmushi, bai rage ko sisi ba. Na ƙara, na yi kamar zan tafi, na tsaya a bakin ƙofa ina gyara mayafi don ya kira ni. Bai kira ni ba. In faɗa muku gaskiya, kuɗin hannuna ya isa. Abin da ya ƙona min rai shi ne hana ni ciniki da aka yi, kamar an gayyaci mutum cin abinci an ce kada ya tauna.

Ina fitowa wani mutum mai fara'a ya tare ni. Sale ya ce sunansa.

"Hajiya, na ga kin fito ba ki saya ba. Kin yi daidai. Da ganinki kin san kaya. Waɗannan kuɗin gilashi da fanka suke ɗora wa mutane. Mu da su jirgi ɗaya yake sauke mana."

Na bi shi wani lungu a bayan kasuwa, rumfa ce ƙarama cike da kwalaye. Ga hom tiyata nan a kan tebur, suna ɗaya, fenti ɗaya da na shagon. Ya kunna, sai da na ji ƙirjina yana rawa. Sannan ya koya min ilimin da ya kai ni ya baro.

"Ki ɗaga uwar ki ji. Na jabu ba shi da nauyi, kamar kwalin ashana yake. Na asali kuwa sai kin sa hannu biyu."

Na ɗaga, na ji nauyi. Muka shiga ciniki, ciniki na gaske, har yana dafe kai yana cewa na kashe shi, yaransa ba za su ci abinci ba. Da muka daidaita sai ya shiga ciki ya fito da wani kwali a liƙe.

"Ba wannan na kan tebur za ka ba ni ba?"

"Haba Hajiya. Wannan kowa ya taɓa shi. Amarya ake kai wa abin da aka taɓa?"

Maganar ta shige ni. Na ɗaga kwalin, ya ma fi wancan nauyi. Na tambayi takarda, ya ce, "Tsakanina da ke sai takarda? Ga rumfata nan, kullum ina nan." Da ragowar kuɗin na ƙaro wa Habi kofuna na yi wa Inna tsarabar atamfa, na hau motar Dutse ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Maigidana ya ce mu buɗe mu gwada. Na ce babu mai taɓa kwalin nan, a gaban dangin ango za a ɓare shi, su gani da idonsu sabo ne fil.

Ranar jere bayan azahar muka hallara a gidan da ango ya kama. Amarya tana gida, ba a kawo ta ba tukuna, Inna ma ba ta zo ba, sai ƙanwarta Yafendo ce ta jagoranci ɓangarenmu. Daga Taura kuwa an zo mota guda, shugabarsu Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin ango. Doguwar mace ce marar yawan magana. Ta zauna a kan kujera tana bin kowane kaya da ido, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. An kafa gado, an shimfiɗa kafet, an jera kwanuka, duk tana zaune tana kallo. Na ce a raina, bari dai mu zo wurin.

Da aka gama komai na sa aka jawo kwalin tsakiyar ɗaki, na yanka shi da reza. Ni da kaina na jona wayoyi. (Wadda take sa wa jariri ƙarin ruwa, wayar lasifika ce za ta gagare ta?) Ina jonawa ina jawabi. Na ba su labarin shagon gilashi da yadda ake yankar waɗanda ba su san gari ba, da yadda na samo irinsa sak a inda 'yan gari suke saye. Har da shawara na bayar, na ce duk mai aurar da 'ya ta neme ni in raka ta.

Aka yi sa'a akwai wuta. Na saka kaset ɗin yabon Manzo, tunda da manya a wurin. Na danna. Fitilu kore da ja suka kama wasa a fuskar akwatin, mata suka matso, har wata ta fara shirin guɗa.

Sai sauti ya fito. Kun san 'yar rediyon nan da makiyaya ke ratayawa a wuya? To ita ta fi shi murya. Wani siririn abu ne yake fitowa daga lasifika ɗaya, sauran kuwa shiru kamar an ba su amana. Na murɗa ƙara. Sai ya koma kamar ana suyar gyaɗa a ɗaki na uku.

Ni dai ban karaya ba. Na miƙe na karkaɗe hannu na ce, "Wutar gidan nan ce ba ta da ƙarfi. Irin waɗannan manyan kaya ba kowane gida ke ɗaukarsu ba."

Nan ne Gwaggo Asabe ta yi maganarta ta farko. "Wutar gidan ɗanmu ta ɗauki firjin can, ga fanka kuma tana juyawa a kanki."

Yafendo ta taɓo ni ta baya, alamar in yi shiru. Da na ji ta, da labarin ya tsaya a nan, a ce kaya ya zo da matsala, a mayar. Amma ina, bakina ya riga ya yi zafi.

"Gwaggo, wannan kayan na asali ne. Ba a gane na asali da ido, da nauyi ake gane shi. Bari ki gani."

Na cire wayoyin, na sa hannu biyu na ɗaga uwar har daidai ƙirjina, na nufi kujerarta. Don ta tabbatar, har na ɗan jijjiga ta. Sai na ji wani abu ya ce ƙaras. Farantin ƙasan ya ɓalle. Rabin bulo naɗe da tsohuwar jarida ya faɗo a kan babban yatsan ƙafata, wata baƙar leda ta biyo shi ta fashe, yashi ya bazu a kan sabon kafet ɗin da ni da kaina na zaɓo. Abin da ya rage a hannuna fanko ne, ba nauyin komai, sai wani ɗan allo kamar tafin hannu yana lilo a jikin waya.

Yafendo ta ja mayafi ta rufe fuska. Yatsana yana zugi amma ban isa in duba shi ba. Kuma ku ji abin da ya fito daga bakina, ni mai hankali, mai aikin asibiti: "Ai ana sa shi ne don kada ya yi rawa in an ƙure sauti."

Gwaggo Asabe ta sunkuya ta ɗebi yashin, ta murza shi a tsakanin yatsunta kamar mai duba gero a kasuwa.

"Yashin kam mai kyau ne, na rafi ne," ta ce. "Shi ma daga ƙasar wajen aka zo da shi?"

Wata daga bayan ɗaki ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai kowa ya ɗauka, har 'yan ɓangarenmu. Na tsaya da fanko a hannu, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye idona. Gwaggon ce dai ta ce a miƙo tsintsiya. Tana shara tana cewa, "Ki zauna ki duba ƙafarki, 'yata. Maigidana ma an taɓa sayar masa da buhun taki rabinsa toka, kuma sai da ya zuba a gona." Ban san ko lallashi ne ko ƙari ba, amma na karɓa.

Washegari na ɗingisa zuwa Kano da kwalin. Sale yana nan a rumfarsa kamar yadda ya yi alkawari. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai taɓa ganina ba. Da na ɗaga murya sai ya ce, cikin ladabi, "To Hajiya, ina takardar da muka ba ki?"

Daga nan na wuce wurin masu gwal na cire 'yan kunnena na sayar, na koma shagon gilashi. Dattijon ya gane ni, ya ga kwalin, ya ga ɗingishin, bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka buɗe sabo a gabana, aka kunna kowace lasifika ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko za a kwance ƙasan in ɗan leƙa. Ya ce in aka kwance garanti ya tashi. Na haƙura, na karɓi takardata na soke ta a cikin jaka kamar takardar gida. Kafin a kai amarya sauti yana tashi a ɗakin Habi har maƙwabta suna leƙowa.

Saura Baffa. Labari ya riga ni isa Miga. Na durƙusa na faɗi komai, ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya sayi bijimina dai bai tarar da yashi a ciki ba." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Abin da na koya shi ne, iya ciniki daban, sanin wurin da za a yi cinikin daban. Kayan wuta dai yanzu ba na sayensu sai inda in na dawo gobe za a amsa sallamata. Har yau kuwa ni ce mai sayayyar dangi, don babu wanda ya kama ƙafata a taya kaya. Bambancin kawai, tun daga bikin Habi duk inda za ni sai a haɗa ni da Yafendo, wai ta riƙe min jaka. Ni da ita duk mun san ba jaka aka turo ta ta riƙe ba.