Rasuwar Kurfotin Ɗakin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu sanyi ƙalau, ni Fiddausi ta Jos Jarawa nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Kurfoti, murhun gawayin gidanmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba.

Marigayin bai taɓa ƙin aiki ba. Ya tuƙa tuwo, ya gasa masara, ya busar da kayan makaranta da damina. Amma babban aikinsa sai an sauke tukunya yake farawa. A ɗauke shi da sauran garwashi a kai ɗakin Inna, mahaifiyata, wadda gwiwoyinta ba sa ga maciji da sanyin Jos. Nan zai zauna gaban gadonta yana 'yar ƙararsa, ƙas, ƙas, har ta samu ta miƙe ƙafa.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Ya sa ni tari, ya baƙanta bango, an kuma ce dazuzzuka a cikinsa suka ƙare. Ban musa ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne tun da aka ce an yi dokar kare yanayi. Gawayi ya yi ɓatan dabo a unguwa. Marigayin ya koma cin totuwa da ɓawon gyaɗa, sai hayaƙi, ba zafi. Ana nan maƙwabciyata Kaneng ta zo da labarin wata ƙungiya mai raba murhun gas, sharaɗin kawai a miƙa tsohon murhu. Wallahi da rawar jiki muka je. Ni na ɗauke shi a ka. A gabana wani mai safar hannu ya sa guduma ya lotsa shi, aka ɗauki hoto, aka tafa. Har da ni a tafin, kaico!

Magajinsa ba shi da laifi. Wutarsa shuɗiya ce, ba hayaƙi, kafin a gama yanka albasa ruwa ya tafasa. Sai dai ana kashe shi ya huce, ko garwashi ɗaya ba ya bari. Duk jawaban da aka yi ranar, ba wanda ya ambaci ɗakin tsohuwa. Yanzu a zaune Inna take sallar asuba, zani kan zani. Wannan ne ke cina, ban kuma san inda zan kai kuka ba.

Ya rasu ya bar mafici, da awartaki, da baƙin tabo a tsakar gida, da Inna.

Babu gawa, mota ta tafi da ita tare da na sauran gidaje. Za a yi zaman makoki a ɗakin Inna kullum bayan magariba, har sanyi ya wuce. Kada kowa ya wahala da kawo abinci. A dai daure a zo da yawa, a matso kusa da gadonta, wanda ya shigo ƙarshe ya rufo ƙofa.